Kwamfutar Malam Da Ba Ta Tambayar Suna

A shekarun da intanet ke sabon shigowa Birnin Kabi, ni ne mai kula da kwamfutoci a wata ma'aikata. Saurayi nake, da ɗakina a Gwadangaji da ɗan babur ɗina, ga jin kai, don duk ofishin ba wanda ya san abin da na sani. Muna da wata na'ura da ake kira furoksi, aikinta kamar na maigadi ne: duk mai son shiga intanet sai ya ba ta sunansa da kalmar sirrinsa, ta rubuta inda ya je. Manyan kwamfutocin ajiyar bayanai, wato saba, su kaɗai na sa a wani jeri da ake bari su wuce ba tambaya, tunda ba mutum ne ke zaune gabansu ba. Doka ta ce saba kawai.

A reshenmu na Argungu akwai wani dattijo akawu da kowa ke kira Malam, shi ke jan sallah a masallacin ofis. Kwamfutarsa ta furoksinmu take bi. Allah sarki, idonsa ya yi rauni, yakan kuskure kalmar sirri sau uku a rufe shi, kuma ba a faɗar sabuwa a waya, sai hannu da hannu. Sai in hau babur har Argungu cikin rana, in rubuta masa a 'yar takarda, in ja masa kunne kada ya nuna wa kowa, ya soke ta cikin hularsa yana sa mani albarka. Wallahi na gaji. Ran nan, bayan zuwa na uku cikin wata guda, na dawo kawai na saka lambar kwamfutarsa cikin jerin saba. Ban gaya wa kowa ba, har shi.

Yo abu a ofis ai ba ya ɓuya. Kafin wani lokaci duk reshen an san kwamfutar Malam ba ta tambayar suna. Da ya fita alwala, ko ya tafi gonarsa ran Juma'a, sai wani ya ɗare kujerar. Ni kuwa ina can ina murna na huta da hanya.

Wata rana shugabanmu ya sa aka buga rahoton furoksi. Aka ga shafukan batsa jere, babu sunan kowa, sai lambar kwamfuta ɗaya. Aka kafa kwamiti, aka kira ni, aka tambaye ni kwamfutar wane ne. Na ce ta Malam. Aka sake tambaya ko ana iya shiga ba tare da kalmar sirrinsa ba. A nan ne ya kamata in faɗi gaskiya, amma na tuna aikina da auren da nake shiri, na ce a ƙa'ida ba ya yiwuwa. Malam ya rantse, ya ce shi bai ma san ana samun irin wannan ƙazanta a cikin na'ura ba, yana dubana in sa baki. Na sunkuyar da kai. Da yamma na cire lambar daga jerin.

Ba a kore shi ba, an dai ba shi shawara ya ajiye aiki. Amma kafin ya tafi an riga an gabatar da wani yana jan sallah a masallaci, mutane suna rage murya idan ya wuce. Ya kwashe iyalinsa ya koma garinsu Augie.

Shekaru na yi ina fama da abin kafin in iya zuwa wurinsa. Na same shi a fadama yana duba albasa, ya rame, da ƙyar ya gane ni. Ya shimfiɗa mani buhu, ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya. Tun ban buɗe baki ba ya cire hula, ya zaro wata 'yar takarda da ta yi baƙi don gumi, rubutun hannuna ne a kai. Ya ce yana so in sani, tunda ni na ba shi amana, bai taɓa nuna wa kowa ba. Na faɗa masa komai ina kuka. Ya ce ya yafe, amma da ma a gaban mutanen ofis na faɗa.

Na koma Argungu in faɗa, na tarar rabin waɗanda suka san maganar sun bar wurin, wasu sun rasu. Sauran suka ce ai ya wuce. A wurinsu ne ya wuce.

Masu irin aikina, ku ji ni. Idan za ku bar saba ta wuce ba suna, ku tsaya a kanta ita kaɗai, ku rubuta, ku sanar da na gaba da ku. Kwamfutar da mutum ke zama a gabanta kada ku cire mata tambaya, komai gajiya, don ranar da abu ya ɓaci mai kujerar za a kama. Idan kuma kun riga kun yi, ku faɗa tun ana saurare. Ni na faɗa, amma a gonar albasa, ga mutum ɗaya da dama ya san bai yi ba.