Dabara Ce, In Ji Kyari

Duk Gure wa bai san baƙin tabaron Kyari ba? Ko cikin gidan kallonsa, da tagogi toshe, ba ya cire shi. Kuma ba ya zama ya ba ƙofa baya, wai ta nan maƙiyi ke shigowa. Maƙiyi kuwa! Mutumin da ko akuya ba ta tsoronsa. Ni Falmata taubashiyarsa ce, a bakin ƙofar gidan kallon na tsufa ina toya ƙosai, don haka ba wanda zai ba ni labarinsa.

Kun tuna kaset-kaset ɗin nan da wani direba ya kawo masa daga Libiya? Finafinan Italiya ne na ƴan leƙen asiri, amma na shashanci, waɗanda aka yi don a yi wa masu leƙen asirin ba'a. Kowa ya gane haka ban da mai gidan. Kyari bai san ko sannu da Italiyanci ba, amma sai ya tsaya gefen tele da sanda yana fassara. Jarumin ya zo tsallaka katanga wando ya maƙale, ya faɗa cikin kwandon kifi, ɗaki ya kwashe da dariya. Sai Kyari ya danne kaset.

"Jahilai! Dabara ce! Yana so su ɗauka wawa ne."

Wanda ya ƙara ƙyalƙyalewa, waje. Da haka ya kore rabin samarin unguwa, suka koma gidan da ake nuna balo, wato ƙwallon ƙafa.

Wata rana wani mushen lakwal, wato malamin boko, ya ja shi gefe, cikin ladabi ya ce, "Baba Kyari, ai waɗannan na barkwanci ne. Su kansu Italiyawan don dariya suka yi su."

Kyari ya leƙo shi ta saman tabarau. "Haka suke so ka ɗauka, Mushe. Kai ma ga shi sun ci ka."

To kada ku manta da zancen dabino. Ana ta satar masa dabino a garkarsa ta kwari, aka ce ya sa ƙaya a gindin, ya ce wannan aikin manoma ne. Ya ari zanena da mayafi, ya sa tabaronsa a kai, ya je ya laɓe bayan rijiya. Kafin azahar barci ya sace shi. Ɓarayin suka kwashe dabinon, suka haɗa da takalmansa. Ya dawo ta tsakiyar kasuwa ba takalmi, rairayi na gasa masa ƙafa, yana tsalle cikin zanena.

Na ce, "Kai Kyari, ina ɓarawon?"

"Na bar shi ya tafi da takalmin ne don in gane sawunsa. Dabara ce."

Wallahi har yau ba a gane sawun ba.

Na yi masa faɗa har na gaji. "Ka sa finafinan Kano, ka sa balo, gidan nan mutuwa yake!" Ya ce shi ba ya nuna wasan yara. Da salula ta shigo hannun kowa, benci ya koma wurin kwanan kaji. Amma kullum bayan la'asar sai ya tada gurup ɗinsa na wutar lantarki, ya share tabarma, ya tsaya da sandarsa yana jiran mutane. Abin haushi, abin tausayi.

Shekarar da ciwo ya kama shi, ran nan na leƙa na ga ba kowa, shi kaɗai yake yi wa benci bayani. Na sauke kasko na shiga na zauna. Aka zo wurin kwandon kifin nan, na daure, na daure, dariya ta ƙwace mini. Na jira ya danne kaset. Bai danne ba.

Na ce, "Yau ba kora?"

Ya cire tabaron, ya goge ido da hannun riga. "Ke kaɗai kika rage, Falmata. In na kore ki, wa zan yi wa bayani?"

Daga ranar ban sake fashin kallo ba har ya kwanta.

Allah ya jiƙan Kyari, ya yafe masa, ya sa kabarinsa ya yi masa sanyi. Allah ya sa shi cikin taron da ba a watsewa.