Lahadin da Direbobin Ƙonni Sunka Ɓace Daga Layi

Gyaran waya nike yi bakin tashar Illela, kuma aji uku na sakandare na tsaya. Rubuta manhaja ni na koya wa kaina, da data mai tsada da ciwon ido. Wadda na rubuta ƙarama ce. Tana riƙe layin manyan motocin da ke lodin shanu a kara ran Lahadi, ta aika wa direba saƙo in an zo kansa. Da can littafi ake yi, kuma kowace kasuwa sai an ci kwalar wani. Sakataren direbobi mijin ƙanwata ne, shi ya tsaya mini har aka yarda da ita.

Na aje ta a buɗe a intanet, kowa ya gani, ya ɗauka, ya gyara. To manhaja kamar mota take, ba kai ka ƙera komai ba. Sashen aika saƙo na wasu ne, sashen duba lambar waya na wasu ne, kuma masu su kullum cikin fitar da sabo suke. Sanarwar sabuntawa ta yi ta shigo mini ina sharewa, wata takwas. Abu yana aiki, mi zai sa in taɓa shi?

Sai wani injiniya daga Abuja, wanda ban taɓa gani ba, ya rubuta a shafin aikin da Turancinsa mai santsi cewa ɗaya daga tsofaffin sassan yana da kafar da ɓarayi za su bi su kwashe lambobin mutane. Ya ƙara da cewa da alama mai aikin bai san abin da yake yi ba. Maganar kafa gaskiya ce. Ƙarin ne ya ƙone ni. Ran Asabar da la'asar na sabunta sassa goma sha huɗu a tashi ɗaya, na gwada da lambata, saƙo ya shigo, na rubuta masa cewa an gama.

Da hantsin Lahadi sakatare ya kira ni.

"Yaya, bar abin da kake yi ka taho kara."

Na iske shi cikin rumfa, direbobi sun kewaye shi. Duk motocin Ƙonni ta Nijar sun ɓace daga layi, sai na gida kawai. Wani dattijon direba daga can, mai jan rawani, ya riƙe gefen teburin.

"Tun asuba nike nan. Mota ukku sunka yi lodi gabana. Sakatare, nawa sunka ba ka?"

"Baba, wallahi ban taɓa komai ba."

"To aljani ne ya taɓa?"

Ciyaman na direbobi yana tsaye baya yana kallon sakatare. In aka tashi a haka, mijin ƙanwata ya bar kujerar ke nan, da sunan maci amana a bakin kowa har Ƙonni.

Na ce, "Baba, ba shi ba ne. Ni ne. Jiya na canza kayan cikin manhajar."

"Kai wa ya aike ka?"

Na buɗe kwamfuta kan buhun dusa. Da abu ɗaya na canza, da na san inda zan nufa. Goma sha huɗu ne, sai in bi su ɗaya bayan ɗaya, ga sabis ɗinmu yana zuwa yana ɗaukewa. Na maida na farko kan tsohonsa, babu. Na biyu, babu. Zufa tana ɗiga kan madannai, wani daga baya yana cewa a ɗauko littafi a huta da boko. Ana cikin na huɗu sabis ya mutu gaba ɗaya.

Dattijon ya zaro wayarsa ya dangwara gabana.

"Layin Nijar na ciki, yana kamawa nan. Jawo intanet da shi. Ba don kai ba, don in ga ƙarshen ƙaryar."

A na bakwai na same ta. Sabon sashen duba lamba ba ya karɓar lamba mai guda takwas in ba a sa mata lambar ƙasa a gaba ba. Mu kuwa nan haka muke rubuta lambobin Nijar tun da aka fara waya, wa ke tsayawa sa lambar ƙasa don garin da ake zuwa a kan babur? Ni ma da lambar Najeriya kaɗai na gwada. Na maida wannan sashen yadda yake, na bar wanda ya toshe kafar ɓarayi. Sunayen sunka dawo, wayoyi sunka fara ƙara cikin aljihu.

Ciyaman ya karɓi wayar sakatare ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce a ci gaba da lodi, motar dattijo a gaba. Shanun da dattijon ya zo dominsu dai sun riga sun tafi cikin wata motar, sai ragowar da aka harhaɗa masa bayan azahar.

Sakatare bai rasa kujerarsa ba. Amma da yamma ya biyo ta shagona, bai zauna ba, ya ce daga yau in zan taɓa wani abu cikin manhajar, ran Talata zan yi, guda ɗaya, yana zaune kusa da ni da lambar Ƙonni a hannu. Yaron da na girma da shekara tara. Na ce to.