Layar da Ba Laya Ba

Ranar Larabar da ruwa ya cika Harami, har mutane suka yi ɗawafi da iyo, ruwan ya ci ɗakinmu a unguwar Misfala, ya jiƙa layar da ke wuyana. Ina da shekara takwas ko tara. Ba wanda ya ƙirga.

Iya Hajo ce ta raine ni. Ba ita ta haife ni ba. Uwata ta rasu a Sudan, ubana ya rasu a bakin teku muna jiran jirgin Jidda. Kafin ya cika ya miƙa ni ga Iya, wadda kwana uku kacal da saninta, ya ce sunana Umaru, ya ba ta wani ƙunshin fata ya ce kada yaron ya rabu da shi. Iya ta ɗauka laya ce. Ta sa mata igiya ta rataya mini, kuma laya ba a buɗe ta. Haka na tashi a ɗakin da aka yi da fasassun garewani, ina ɗauko ruwa garwa biyu a sanda, ina ɓare gyaɗar da Iya ke soyawa, ina langa da yara a kan duwatsu masu ƙona ƙafa. In faɗa ya tashi su ce mini ɗan hanya. Kowa na da garin da ake ce masa, Bakano, Basakkwace, Babarbare. Ni ba ni da ko ɗaya. Ga shi ni bahago ne, duk na kai hagu akushi sai muciya ta sauka a kaina. "Ko daga wane gida ka ɗauko wannan, oho," in ji Iya.

Da ruwa ya janye fatar ta kumbura ta fara wari. Iya ta kai ni wurin Malam Sani baduku ya sake ɗinki. Ya yi bisimilla ya farke zaren, ya ware takardun da ke ciki a kan tabarma, ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce, "Hajo, shekara nawa kina rataya wa yaro wasiƙa?"

Guda uku ne, da ajami. Kakana ne ya aiko wa ubana su a hannun alhazai masu tafiyar ƙasa, lokacin da uban nawa ke aikin auduga a Sudan yana tara guzuri. Tawadar gida ba ta jure ruwa. Ta farko ta wanke tas, sai baƙi-baƙi. Biyun sun tsira rabi da rabi. Malam ya shanya su, ya ɗora tsakuwa a kowace kusurwa, ni kuma na tsaya ina korar awaki har suka bushe.

Ya karanta. Daga Bawa marini, ɗan Umaru, ɗan Jatau, a ƙasar Haɗeja, zuwa ɗansa Idi. Bayan haka gaisuwa. Mutanenmu ba sa rubuta wasiƙa sai sun jera kowa: gwaggonka Kande tana gaishe ka, ƙanenka Sale ya yi aure, ƙanwarka Ladi ta haihu, tsamiyar ƙofar gida ta faɗi. Malam yana so ya tsallake, wai gaisuwa ce kawai. Na ce a'a. Ban taɓa jin abu irin wannan ba. Da safe ba ni da kowa, kafin azahar ina da mutum goma sha ɗaya, kowa da sunansa, kuma shekara da shekaru suna kwance a ƙirjina ban sani ba.

Wasiƙar ƙarshe amsar labarin haihuwata ce. "Mun ji an samu namiji. A sa masa sunan ubana. In ya fito bahago kada a doke shi, haka mai sunan yake." Iya ta dubi hannuna, ta dubi ƙasa. Muciya ba ta sake taɓa ni ba.

Ban yi karatu ba, sai na haddace sunayen. Duk lokacin aikin hajji ina bin masaukan alhazai da garwata ina jero su. Na yi gemu kafin wani tsoho ya tsayar da ni a kan Ladi. Ya ce tana raye, haƙoranta sun zube, kuma har gobe tana cewa Idi zai dawo. Na ajiye garwa na zauna a ƙasa.

Yanzu jikokina Larabci suke yi. Sun ɗauki hoton takardun a waya, suna tambayata wane ne wane, ina faɗa musu. Wayarsu tana kai magana ko'ina cikin ƙiftawar ido, amma ban ji wanda ya jera mutum goma sha ɗaya ya gaishe su ba. Abin da ke cikin wasiƙar da ruwa ya wanke, Allah ne ya sani.

Ina unguwar Utaibiyya, a ɗakin ƙasa, ba na iya hawa bene. Takardun suna cikin fatarsu, a wuyana.