Rigar Fitar Takabar Murjanatu

Duk wanda ya san bayan tasha a Gummi ya san Murjanatu mai kitso, ko da bai san sunanta ba. Ita ce matar nan mai gyale ruwan goro da ke tafiya da sauri kamar ta bar tuwo a wuta. 'Yar Zugu ce. Tun tana ƙarama take son launi; innarta kan ce ko rama aka aike ta tsinkowa, sai ta dawo da fure soke a kitso.

Aure ya kai ta Tungar Daji, gidan Abdussamad, mutumin Gwashi da neman zinariya ya zaunar a can. A tsakar gida ake daka duwatsun da yake kawowa, a nan kuma ɗansu na fari, Lirwanu, ya koyi rarrafe. Da yaron ya fara shiɗewa aka kai shi asibiti a Anka, aka ce gubar dalma ce daga ƙurar dutsen. Ya rayu, amma magana ta ƙi zuwa, abinci kuwa sai da yaƙi. Yana da shekara huɗu rami ya rufta da mahaifinsa.

Ta kwaso ɗanta ta dawo wurin innarta, wadda tuni hare-haren 'yan bindiga suka koro ta daga Zugu zuwa Gummi. A nan ta yi takaba, a nan kuma ta sake haɗuwa da Hidaya, ƙawarta ta yarinta, wadda suka yi tallan gyaɗa tare. Hidaya tela ce, tana aure a garin. Ranar fitar takaba ta shigo da leda a hannu, ta zazzage doguwar riga ruwan goro mai aikin zare a wuya, da gyalenta.

"Ke, Hidaya! Ni da ɗa marar lafiya zan sa wagga? Mi mutane za su ce?"

"Su ce abin da suka ga dama. Miji kika rasa, ba ido ba. Kullum hijabi ruwan toka kamar buhun siminti! Tashi ki sa, ƙawa, in gani."

Ta sa. Ta ɗora kwalli. Da ta duba madubi sai ta ga yarinyar Zugu da ta daɗe ba ta gani ba.

Hidaya ce kuma ta nuna mata shagon Musbahu. Ba teburin mai shayi ba ne irin na bakin hanya. Ɗaki ne mai kujerun roba da fanka da firji, da labule a gefe ɗaya domin masu zuwa da iyali, ko da yake ba kasafai mace ke leƙawa ba. Sun biya ne su sha yogot a kan hanyarsu ta dawowa daga kasuwa, Hidaya cikin niƙabi, don maigidanta bai san tana shiga irin wurin nan ba. Lirwanu na ta fizge-fizge yana ihu, har Musbahu ya ɗaga kofi sama ya fara shiƙa shayi zuwa wani kofin. Yaron ya yi tsit. Idonsa ya bi zaren shayin sama da ƙasa, bakinsa a buɗe. Murjanatu ta tsoma burodi a shayin mai madara ta kai masa, ya haɗiye. Ta ƙara, ya haɗiye. Rabin burodi ya ci a ranar, yaron da loma uku kan gagara.

Ta gwada a gida da kofunan Inna, bai ko dube ta ba, shayin ma rabi a ƙasa ya ƙare. Saboda haka kowace la'asar, idan ta sallami masu kitso, sai ta yi wanka ta yi kwalliya, ta saɓa yaron a kafaɗa su tafi shagon. Sau da yawa Hidaya na biye, fuska a rufe. Kafin damina ta wuce kumatun yaron sun ciko, har ya fara cewa "ayi, ayi" idan ya hango shagon.

Gari kuwa ya samu abin taunawa. A gidan suna, a bakin famfo, zancen ɗaya ne: uwar da ɗanta ke ciwo ina ta ga zuciyar sa kwalli? Mace mai ɗa ai zane da hijabi mai duhu ne nata. Wasu suka ce miji take nema, yaron garkuwa ne kawai. Wasu kuma abin da ya fi ci musu rai shi ne rashin alkunya, ɗan fari ne fa, amma tana ba shi a baki a gaban maza. Ita dai ko sau ɗaya ba ta taɓa kiran sunansa ba. "Wanga yaro" take cewa, kamar yadda aka tarbiyyantar da ita.

Zance ya hau mashin ya isa Gwashi. Malam Tsoho, yayan marigayi, mai koyar da karatu a can, ya aiko cewa yana tafe ranar Juma'a, kuma kakar yaron tana son a kawo mata jikanta ta riƙe.

Murjanatu ta san ba za ta iya buɗe baki a gaban yayan mijinta ta roƙi a bar mata ɗan fari ba. Inna ma kara za ta hana ta, don ba a ganin uwa ta tsaya wa 'yarta a gaban surukai. Sai ta tafi wurin Hidaya.

"Ke ce bakina. Kin ga yadda yake ci da idonki. Ki gaya musu."

Hidaya ta dafa kan keken ɗinkinta. "Wallahi ko gaban alƙali ne. Kwantar da hankalinki, ƙawa."

Da wannan Murjanatu ba ta nemi kowa ba. Musbahu ma ya ce zai zo ya yi bayani, ta ce a'a, zuwan namiji sai ya ƙara ɓata zancen.

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci aka shimfiɗa tabarmi a tsakar gida. Hidaya ta zo, amma maigidanta ne ya kawo ta a mashin, kuma da ya ga malami sai ya tsaya gaisawa, gaisuwa ta zama zama. Malam Tsoho ba mai faɗa ba ne. A hankali ya jero abin da ya ji, sannan ya juya gefen mata, ya dubi Hidaya.

"An ce ke ce aminiyarta. Don Allah, gaskiya ne tana kai shi cikin maza?"

Hidaya ta dubi maigidanta, ta dubi ƙasa.

"Gaskiya ne, Malam."

Murjanatu ta jira sauran. Burodin, kumatun, "ayi, ayi".

"Kin taɓa raka ta?" in ji maigidan Hidaya.

"Ni? Allah shi kiyaye. Ni dai na sha yi mata faɗa. Har kwalliyar ma na ce ta rage, uwa ba ta shiga irin ta 'yan mata."

Rigar tana jikin Murjanatu a lokacin, ƙarƙashin hijabin da ta ara wurin Inna. Tana jin kaushin zaren wuyan a fatarta, zaren da Hidaya ta kwana biyu tana jerawa. Kalma ɗaya ta isa: a tambayi Musbahu wace ce mai niƙabin. Ta ɗaga kai ta dubi Hidaya, ta san abin da kalmar za ta yi wa aurenta. Ta haɗiye ta. Abin da ya fito kawai shi ne, "Malam, ba ya cin abinci sai an shiƙa shayi yana kallo."

Malam Tsoho ya yi murmushin tausayi. "Yaro ai yunwa ke koya mai ci. Ga nono nan wurin Fulani maƙwabtanmu."

Washegari da safe aka ɗaure Lirwanu da rawani a bayan baffansa don kada ya faɗo. Bai yi kuka ba sai da mashin ya tashi. Murjanatu na tsaye a zaure, ba ta fita ba, don uwar ɗan fari ba ta rakiya.

Bayan kwana kaɗan Hidaya ta aiko da sabon hijabi ruwan toka, ɗinki mai kyau, da saƙon a yi haƙuri, ba yadda za ta yi ne. Murjanatu ta ba Inna ta rufe buhun gero da shi.

Daga nan ta koma shagon Musbahu, ba don shan komai ba. Ta ce ya koya mata shiƙa. Ta ƙona yatsu, ta ɓata madara, masu zama suna dariya, har hannunta ya faɗa. Yanzu duk ranar da aka ce hanya da sauƙi, za ka gan ta a tasha da filas da kofuna biyu da burodi a leda, tana cinikin kabu-kabu zuwa Gwashi. Wani lokaci ta same shi ya rame, wani lokaci da dama-dama. Takan zauna a ƙofar ɗakin kakarsa cikin gyalenta ruwan goro, ta ɗaga kofi sama, ya zo ya tsuguna a gabanta ya buɗe baki. Malam Tsoho ya taɓa tsayawa ya kalla har yaron ya cinye, amma bai ce ta tafi da shi ba.

Hanyar tasha ta ƙofar gidan Hidaya ta bi. Idan suka yi kiciɓis, Murjanatu ba ta ɗauke kai. Takan ce, "Sannu da aiki, tela," ta wuce.