Ɓawon Albasar Hamma Buba

Bana shekara talatin ke nan da muka binne yayana, Hamma Buba, malamin kimiyya a wata sakandare a nan Jalingo. Kowace shekara da hawaye nake tuna shi. Bana kuwa da murna na ɗauki alƙalami.

Lokacin ba a daɗe da mayar da garin nan babban birnin jiha ba, muna zaune a Mayo Gwoi. Hamma bai taɓa barina na zubar da ɓawon albasa ba. Yakan jiƙa shi a kwalabe, haka zoɓo da ɓawon lemo, ya ɗaga su a rana yana ta kallo. Cewa yake tsiro bai yi launi a banza ba, da shi yake kare kansa. Mu dai dariya muke yi masa.

Sai ciwon kai ya fara. Ya riƙa manta sunayen ɗalibansa, alli na suɓucewa daga hannunsa. Da muka kai shi babban asibiti a wata jiha, likita ya ce ciwon dajin ƙwaƙwalwa ne, kuma ya riga ya yaɗu. Wata bakwai ya ƙara a duniya. Ya bar 'yarsa Adama tana rarrafe.

Makon jiya Adama, wadda yanzu take bincike a jami'a, ta kira ni tana haki.

"Goggo, zauna tukuna! Sinadaran nan masu ba albasa da zoɓo launi, filabonoyid, na zuba su kan ƙwayoyin dajin ƙwaƙwalwa da muke reno a ɗakin gwaji. Yaɗuwarsu ta ragu!"

Na rangaɗa guɗa har maƙwabta suka leƙo.

"A'a Goggo, bai zama magani ba tukuna. A farantin gwaji ne, ba a jikin mutum ba. Kada kowa ya bar asibiti ya koma shan zoɓo."

Da Hamma na nan, me zai ce? Na san shi. Zai ɗaure fuska ya tambaye ta sau nawa ta maimaita gwajin. Sannan ya fita ba takalmi, ya tare duk wanda ya gani daga nan har Nukkai ya ba shi labari.

Gado dai, bai bar gida ba, bai bar garke ba. Abin da ya bari shi ne rashin haƙuri da tambayar da ba a amsa ba. Adama ba ta san muryar ubanta ba, amma ranar nan a waya, muryarsa na ji.

Allah ya jiƙan Hamma. Ya kuma nuna wa 'yarsa ranar da wani zai shiga asibiti da irin ciwonsa, ya fito da ƙafarsa.