Anti Dije da kambas ɗinta

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Yau da safe ina shirin fita Maryam ta kira ni tana kuka, ta ce mahaifiyarta, Anti Dije, ta rasu.

Na ce mata wace Dijen? Kamar ina da wata.

Ga waɗanda ba su san ta ba, sunanta Malama Hadiza. Tare muka koyar a wata makarantar 'yan mata a Tarauni, ita malamar wasanni, ni ta lissafi. Ta girme ni nesa ba kusa ba. Mace ce mai jiki, kuma ba ta taɓa jin kunyar hakan ba.

A shekarar da soja suka miƙa mulki ga farar hula na yi haihuwa ta uku, jikina ya buɗe ya ƙi komawa. Likita ya ce jinina ya fara hawa, in rage ƙiba. Ni kuma abin da na fahimta shi ne in daina cin abinci. Da safe ruwan zafi da lemon tsami, da rana ba komai. Ga wani shayin rage ƙiba da ba abin da ya iya sai kai ni banɗaki. Ga shayarwa.

Rannan ina rubutu sai na ga allo yana juyawa. Na farka a ofishin malamai, kaina a cinyar Anti Dije, tana ba ni kunun gyaɗa daga fulas ɗinta.

"Zulai, yaushe rabonki da abinci?"

Ba ta jira amsata ba, ta ci gaba.

"Kashe kanki za ki yi ki bar mana jinjiri? Ki ci, amma ki rage. Gobe bayan asuba ki jira ni a ƙofar gida. Kina da kambas?"

Ba ni da shi. Ta zo min da na Maryam.

Haka muka fara. Daga Gyaɗi-Gyaɗi mu miƙa har Unguwar Gano, ran da ƙarfi ya zo har Darmanawa, hijabi har ƙasa, kambas a ƙafa. Sai Maman Ngozi mai shagon ɗinki ta shigo, sai wasu matan layinmu.

Yaran yanzu ba za su gane ba. A lokacin, a ga matan aure suna sauri a titi ba asibiti za su ba, ba gidan rasuwa ba, abin magana ne. 'Yan acaɓa su rage gudu suna mana oda. Akwai wani teburin mai shayi da kullum sai an jefo mana magana. Wata safiya wani ya ɗaga murya ya ce, "Soja sun koma bariki, ga sababbi sun fito fareti!" Aka kwashe da dariya.

Ni na sunkuyar da kai. Anti Dije kuwa tsayawa ta yi, ta juya.

"Malam, ai kai ma ka faɗa, sun koma bariki. Yanzu titi na kowa ne. In ka gama shayin ka biyo mu, wannan tumbin ya fi mu buƙata."

Dariyar ta koma kansa. Daga ranar sai gaisuwa.

Maganar ta kai kunnen maigidana, ya ce in dakata. Ba ta aiko ba, da kanta ta zo. Suka gaisa, ta ce, "Alhaji, a gan ta a titi da ƙafarta, ko a je duba ta a gadon asibiti, wanne ka fi so?" Washegari shi ya tashe ni.

Bayan 'yan watanni na hau sikeli na ga kusan ba abin da ya sauka. Na je mata rai a ɓace, na ce duk wahalar nan a banza. Ta yi dariya har da riƙe ciki.

"Ke da kike dawowa ki zauna wa fanke saboda kin yi tafiya? Ƙiba a kwano ake rage ta, Zulai. Tafiya ta zuciyarki ce da gwiwarki da barcinki. Kuma in kin sauke, ita za ta taimaka kar ƙibar ta dawo."

Na ce to ke fa, Anti?

"Ni na san hanyar, ban bi ta duka ba. Ina son tuwona da man shanu, kuma ba zan yi miki ƙarya ba. Amma zo mu yi tsere zuwa falwayar can."

Ta riga ni. Ta tsaya tana jira na ko haki ba ta yi.

Na rage malmala, na bar lemon kwalba, ban fasa fita ba. A hankali jikin ya sauka, jinin ya daidaita. Jinjirin da nake goyo a lokacin yau shi ke kai ni unguwa a mota.

Ganina da ita na ƙarshe watan jiya ne. Na same ta a ƙofar gida ta dawo daga zagayenta, yanzu da sanda, kuma iyakarta ƙarshen layi. Na ce Anti ki huta haka mana. Ta harare ni.

"Ranar da na zauna, kar ki zo gaishe ni, ki zo ki ja ni."

Ta cika min leda da zogale, ta ce in gaida yara. Ban san sallama muke ba.

Ɗazu a gidan rasuwa, ana gama fita da ita, na ji wata a bayana tana raɗa wa ta kusa da ita, "Duk tafiyar nan dai ba ta rame ba, ga shi kuma an tafi."

Ban tanka a can ba saboda darajar wurin. A nan zan tanka.

Ba ta taɓa ce wa kowa tafiya tana hana mutuwa ba. Ba ta taɓa cewa za ta rame ba. Matar nan ta tsufa tana alwala da kanta, tana zuwa kasuwa da kanta, ta yi ɗawafi da ƙafarta ba a tura ta a keke ba. Jinyarta gajeriya ce, ba ta wahalar da kowa ba. Mu da ta fito da mu daga ɗaki muna nan da yawa, wasunmu da jikoki. In ba ki ga komai a jikinta ba sai faɗinsa, ba ki san ta ba, ki yi shiru.

Ana share makoki za mu fita tafiyarmu ta asuba. Maman Ngozi ta riga ta ce ita ce a gaba.

Ya Allah, ga baiwarka Hadiza ta zo maka. Ka gafarta mata, ka yalwata mata kabarinta, ka sa kowane taku da ta yi saboda lafiyar wata ya zama nauyi a mizaninta. Ka ba Maryam da ƙannenta haƙuri.

Duk wanda ya karanta har nan, don Allah kar ya wuce haka. Ko ba ka san ta ba, ka ambaci sunanta a sujadarka ta yau.