Ƙuri'ar Tela da Muka Rasa

Shekarun baya, lokacin ina tuƙa motar kaya a wani sito kusa da tashar jiragen ruwa ta Jidda, na taɓa zama ɗan siyasa na wata biyu. Kada ku yi mini dariya. Ba siyasar ƙasa ba ce, ta ƙungiyar Hausawan unguwarmu ce a Waziriyya, amma yadda muka ɗauke ta da zafi sai ka rantse kujerar gwamna muke nema.

Ƙungiyar ta taimakon juna ce. In wani ya kwanta asibiti, ko aka tsare shi kan takardu, ko ya rasu, ita ke tsayawa. Kwamitinta mutum goma sha ɗaya ne. Shugabanmu dattijo ne haifaffen Jidda, jikan alhazan da suka zo tuntuni ba su koma ba. In ya fara magana da Hausa, kafin ya kai ƙarshe ya zarce Larabci, mu sababbin zuwa sai mu yi ta gyaɗa kai kamar mun gane. Shekara biyar yana kan kujera ba a yi zaɓe ba, kuma kowane aiki mai daraja sai ya ba haifaffun nan 'yan'uwansa. Wannan shi ne ƙorafinmu, kuma har yau ban ce ƙarya muka yi ba.

Da farko yana da mutum shida a kwamiti. Biyu suka yi fushi suka dawo wajenmu, ya rage da huɗu, mu 'yan adawa muka zama biyar. Sauran biyun mutanen Nijar ne, ba sa nan ba sa can. Dokar ƙungiya ta ce in mutum shida suka ɗaga hannu cewa ba su amince da shugaba ba, ya sauka, a yi zaɓe cikin wata guda. Hannu ɗaya kacal muke nema. Mutanen Nijar ɗin kuwa tare suke tafiya, duk inda babbansu ya sa ƙafa nan ƙaramin yake sawa. Babban wani tela ne mai ɗinki a wani lungu a unguwar Bab Makka, mutum mai sanyin magana, wanda ya zo umara shekaru da yawa ya zauna ba iƙama, wato takardar izinin zama.

A daidai wannan lokacin ƙanwar telan ta rasu. Aikin gida take yi, ita ma ba takardu. Gawarta na ɗakin ajiya a wani asibiti, abin da 'yan nan ke kira tallaja, ba za a sake ta a binne ba sai an kammala takardu, kuma sai ɗan'uwanta na jini ya je da kansa ya sa hannu a ƙaramin ofishin jakadancin ƙasarsu. Shugaba ne ke bin maganar, don shi ya san ƙofofin. Kowa a unguwa ya san yarinyar nan tana kwance cikin sanyi tana jiran ƙasa.

Abokina, wanda muke so ya hau kujerar, ya tara mu a wani shagon shayi bayan la'asar. Muka rabu gida biyu. Wasu suka ce a dakata sai an yi jana'iza, kada a ce mun yi siyasa a kan gawa. Abokina ya ce ba mu da wannan lokacin.

"Aikin hajji saura wata biyu," in ji shi. "Mutanenmu duk za su watse Makka neman na abinci, nasa kuwa suna nan daram. In zaɓe ya faɗa lokacin, mun sha ƙasa. Ko yanzu, ko sai baɗi."

Ni ne na kawo maganar da ta lalata komai. Na ajiye kofina na ce, "Ku tsaya. Mutumin da ya san kowace ƙofa a garin nan, sati biyu ya kasa fitar da gawa ɗaya? Ni ban yarda ba. Jan ƙafa yake yi da gangan. Muddin yarinyar nan na tallaja, tela ba zai iya ɗaga masa hannu ba."

Na ga maganar ta shige su, ni kuma kaina ya kumbura. Abokina ya ce zargi ba ya kayar da shugaba, sai da hujja. Na ce a bar mini wannan.

Aikina sai bayan azahar yake farawa, safiyata tawa ce. Kafilina, wato uban gidan da ya tsaya mini a takardu, yana da wata tsohuwar farar mota mai baƙin gilashi da yake bari ina hawa. Sai na riƙa kai ta bakin lungun tela da sassafe, in kashe, in zauna ciki da takunkumi a fuska da baƙin tabarau da hula, don kada ya gane ni. A raina ni wani gawurtaccen ɗan leƙen asiri ne. Har ɗan littafi na saya ina rubuta lokacin fitarsa da na komawarsa, ina cin burodin tamis da wake a cikin mota ina zufa.

Rana ta uku ya fito da farar jallabiya mai guga, da jakar takardu a hammata. Na tayar da mota na bi shi a hankali. Ya wuce masu atamfa, ya wuce masu dabino, ya kusa inda ake shiga mota. Sai ya waiwaya sau ɗaya, ya ciro waya ya kara a kunne, ya yi magana kaɗan, ya juya ya koma shago da sauri. Na bugi sitiyari don murna. Na rubuta: shugaba ya kira shi ya soke tafiya.

Bayan kwana uku haka ta sake faruwa. Wannan karon ta wata hanya ya bi, ta cikin masu turare, na zagaya na tare shi a bakin titi. Ya tsaya cak, ya yi waya, ya koma. Na uku kuwa har ya shiga motar haya, na bi su tiryan-tiryan, bai yi nisa ba ya sauka a wani masallaci ya shige, bai fito ba har lokacin aikina ya yi. Sau uku ke nan. Abin da ya ƙara mini ƙarfi, a zaman kwamiti na wannan satin wani ya tambayi shugaba yaushe za a je sa hannu, sai ya bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya ya ce, "Wannan tsakanina da mai gawa ne. Halas." Na taɓa ƙafar abokina ta ƙarƙashin tebur. Mai gaskiya me zai ɓoye?

A kwanakin nan ba wanda na yarda da shi. In na ga biyun da suka dawo wajenmu suna gaisawa da shugaba a masallaci, sai in ce turo su aka yi. In ƙaramin mutumin Nijar ya yi mini murmushi, sai in kwana ina tunanin me yake nufi. Matata ta ce in je in yi wa tela ta'aziyya ta biyu in tambaye shi da bakina abin da ke tsayar da takardun. Na ce mata ba ta san siyasa ba.

Muka tsara komai. Ranar Juma'a bayan la'asar, a ɗakin da muke taro, abokina zai gabatar da ƙuri'ar rashin amincewa, ni kuma in tashi in zazzage hujja a gaban tela. In ya ji yadda ake wasa da gawar ƙanwarsa, hannunsa zai tashi da kansa. Har alkawarin da za mu yi masa mun shirya: in muka hau, kwana uku an binne ta. Ta yaya, ba wanda ya tambaya a cikinmu.

Ranar ta zo. Abokina ya yi nasa, ya zauna. Na miƙe da ɗan littafina, na gyara murya.

"Baba Shugaba, da girmanka, amma yau sai an faɗi gaskiya. Ranar Litinin Malam tela ya fito da takardunsa ƙarfe takwas da kwata, ya kai bakin titi, ka kira shi ka mayar da shi. Ranar Alhamis ya bi ta masu turare, ka sake kira. Ranar Lahadi har mota ya shiga, ka sa ya sauka a masallaci. Kana riƙe da gawar baiwar Allah don kujera. Ka ji tsoron Allah."

Na zauna ina jiran hayaniya. Shugaba bai ko kalle ni ba, tela yake kallo. Tela kuwa ni ya zuba wa ido, bakinsa a ɗan buɗe.

"Malam," ya ce a hankali, "ƙaƙa ka san na bi ta masu turare?"

Na ce ina da hanyoyina.

"Farar mota," ya ce. "Mai baƙin gilashi. Lambarta ta ƙare da bakwai. Kai ne cikinta?"

Fuskata ce ta ba shi amsa. Sai ya dafe kansa da hannu biyu.

Shugaba ne ya yi bayani, kuma ranar da Hausa ya yi shi tun daga farko har ƙarshe, kamar yana so kada kalma ɗaya ta wuce ni. Ya ce sau uku yana karɓo wa tela ranar zuwa sa hannu, da roƙo da kai gwauro da mari, sau uku yana tsaye a ƙofar ofishin yana jira. Ba shi ke kiran tela ba, tela ke kiransa, yana cewa ga masu farin kaya nan a bayansa. Mutumin da ba shi da iƙama, ya ga mota mai baƙin gilashi a bakin shagonsa kullum safiya, da mutum a ciki ya rufe fuska yana rubutu, me zai ɗauka? In aka kama shi a hanya aka mayar da shi gida, ba sauran ɗan'uwan jini da zai sa hannu. Ya ce ya yi niyyar aiko ɗansa ya ɗauke shi, tela ya ƙi, don kada a kama su da laifin ɗaukar marar takardu.

"Ni kuma," in ji shi, "na ɗauka a cikin kwamitin nan wani ke kai rahoto, shi ya sa na daina faɗin rana. Ashe ban yi kuskure sosai ba, yarona."

Na so ƙasa ta tsage in shige. Abokina ya sunkuyar da kai yana wasa da carbi, kamar bai taɓa ganina ba. Shugaba ya ce in har yanzu muna son ƙuri'a, yalla, a ɗaga hannu. Ba hannun da ya tashi, har na wanda ya gabatar.

Bayan kwana biyu tela ya je ya sa hannu, ba wanda ya bi shi. Aka yi mata sallah bayan azahar aka kai ta. Na tsaya a sahun baya. Da aka watse na same shi a gefe, na ce, "Malam, don Allah ka yafe mini. Wallahi taimakonka na yi niyya."

Bai ɗaga murya ba, da ma ba ya ɗagawa. Ya ce, "Na yafe maka, Malam. Amma ka san tsohuwarmu tana can gida, ba ta gani sosai. Kullum da safe sai ta sa a kira ni, ta ce an sa ta a makwancinta? In ce mata gobe, Inna. Kwana goma sha biyu ina ce mata gobe. Da ka zo shago ka tambaye ni, da na ba ka kujera na gaya maka."

Abin dariya, zaɓen da muka yi ta haƙilo a kai mun same shi ba da wahala ba. Bayan hajji shugaba da kansa ya ce ya gaji, aka yi zaɓe, abokina ya ci. Ya ba ni sakatare na ce a kai kasuwa. Tun daga ranar ban sake zama a kwamitin komai ba, ko na gyaran famfon gidan haya ne.

Mutane in na ba su labarin nan sukan ce ai ban yi da nufi ba. Haka ne. Sai dai ni na san abin da ke raina a cikin motar nan. Ba yarinyar nake tunani ba, ban ma san sunanta ba sai ranar jana'iza da liman ya tambaya. Hannu na shida nake nema, kuma duk lokacin da tela ya juya ya koma shago, daɗi nake ji, don hujjata ta ƙaru. Wannan daɗin shi ne abin da na kasa yafe wa kaina. Tela ya koma ƙasarsu tuntuni, na ji an ce tsohuwar ta rasu. Har yau in na yi sallah nakan sa su cikin addu'a su uku, kuma in na zo kan sunan yarinyar sai na ɗan tsaya kafin in iya faɗinsa.